Aikin dare, azumi da ɗiyar fari: nazarin wani gida a Sakkwato

Gidan da zan yi magana a kansa gidan haya ne mai ɗaki biyu da falo a wajen Mabera. Matar gidan 'yar uwata ce ta wajen uwa, ungozoma ce a ɗaya daga cikin asibitocin garin nan. Maigidan ɗan kasuwar albasa ne. Da saninsu na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba sunan kowa, ba sunan asibiti. Lokacin da abin ya faru su bakwai ne a gidan: miji da mata, yara huɗu, sai mahaifiyar mijin, wadda kowa ke kira Inna. Ɗiyar fari tana da shekara 12, sai maza biyu masu 9 da 6, sai jinjira.

Ba gidan tashin hankali ba ne. Mijin ba ya duka, ba ya zagi, ba ya hana cefane idan yana da shi. Matar ba malalaciya ba ce, ba ta kuma raina shi. Duk da haka auren ya kusa mutuwa a azumin 2024, a kan abin da ba wanda ya taɓa zama ya lissafa: aikin da ke cikin gidan nan nawa ne, kuma wa ke yin sa.

A sashensu na asibiti aiki kashi uku ne. Na safe daga ƙarfe 8 zuwa 2, na rana daga 2 zuwa 8 na dare, na dare daga 8 har 8 na safe, kuma shi na daren jera shi ake yi mako guda. A takarda ke nan. Ɗakin haihuwa ba ruwansa da agogo. Idan lokacin tashi ya yi alhali kan yaro ya leƙo, ko mai jego tana zubar da jini, ba inda za ki. Sai an gama, an rubuta, an miƙa aiki ga wadda ta karɓe ki, ita ma idan ta iso da wuri. Saboda haka wanda ke gida ba ya taɓa sanin lokacin da za ta dawo, lokacin da ya kamata ta dawo kawai ya sani.

Ranar aikin safe kafin kiran assalatu take tashi. Ta hura gawayi, don gas na ko-ta-kwana ne. Ta dama kunu, ta ɗumama tuwon jiya, ta ɗora girkin rana rabi da rabi yadda za a ƙarasa bayan ta fita, ta yi wa jinjira wanka, ta ba Inna maganin hawan jini. Tsakanin wannan da wancan kunnenta na waje, tana jiran ƙarar kurar ɗan ga-ruwa, domin famfon layinsu sai ya ga dama, kuma duk wadda ta bari masu ruwa suka wuce da safe a watan Maris ta san abin da ta jawo wa gidanta. Zafin Sakkwato a bazara yana haura digiri 40. Gida mai mutum bakwai da tsumman jinjira ba ƙaramin ruwa yake ci ba. Sai ta ƙirga jarkoki an juye mata, sannan ta sa farin kaya, ta yafa hijabi, ta fita neman keke.

Shekaru da dama, tun kafin zuwan Inna da jinjira, irin wannan tsari ya tafi ba a ji kansu ba. Dalili kuwa akwai ƙanwar mijin a gidan, budurwa, ita ke riƙe da yara da rabin girki. Aka yi mata aure a 2022. An yi biki, an kai amarya, ba wanda ya ce to yanzu wa zai ɗauki abin da take yi. Aikinta ya rabu shiru tsakanin uwa da babbar ɗiya.

Sai 2023 ta zo da abubuwa a jere. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin keke da na kabu-kabu suka bi ta. A ƙarshen Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, aka rufe iyaka, hanyar Illela zuwa Ƙonni ta tsaya har sai Maris ɗin 2024. Maigidan yana cikin waɗanda abin ya taɓa, don wani ɓangare na cinikinsa ta can yake bi, ga kuɗin lodin mota zuwa kudu ya tashi. A damina kuma aka ɗauko Inna daga ƙauyensu da ke gabashin jihar, saboda 'yan bindiga sun hana mutane kwana a gidajensu. A ƙarshen shekarar matar ta haihu.

A nan albashinta ya shiga cefane. Ba a yi shawara ba, ba a yi yarjejeniya ba. Wata rana ya ce mata kasuwa ba ta yi ba, ta biya kuɗin makarantar yara. Wata rana gas. Sai maganin Inna duk wata, sai rabin kuɗin haya. Ta yi da zuciya ɗaya, shi ma ya gode mata. Amma a ganina nan matsalar ta fara. Nauyin da ke kan miji ya ragu ya koma kanta, nauyin da ke kanta kuwa ko cokali ɗaya bai koma kan kowa ba.

Hutun haihuwa wata uku ta samu. Dokar Ƙwadago ta ƙasa mako 12 ta tanada, ma'aikatan tarayya suna da mako 16, Legas tun 2014 da Kaduna tun 2019 sun ba ma'aikatansu mata wata shida. Ita ce take tsayawa ranar awo tana gaya wa masu ciki cewa nono zalla ake ba jariri har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Tata jinjirar tun tana wata huɗu aka fara ɗura mata kunu. Ta gwada tatsa ta ajiye, amma ba wuta, firji ya zama kabad ɗin ajiye kwanoni, nono kuwa ba ya daɗewa a wannan zafi. Dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a lokacin aiki, sai dai rabin awa bai isa a je Mabera a dawo ba.

Azumin 2024 ya kama a Maris, ya ƙare a Afrilu, tsakiyar zafi, kuma tsakiyar kakar albasa. Maigidan yana fita bayan asuba zuwa wajen manoma a Wurno ko Kware, ana awo, ana zuba wa buhu, wata ana kaiwa rudu, wato ma'ajiyar albasa. A goman tsakiya makon darenta ya faɗo. Takan dawo wajen ƙarfe 9 na safe, ta yi wanka, ta shayar, ta kwanta. Kafin barci ya ɗauke ta an buga ƙofa. Duk ma'aikaciyar asibiti da ke zaune cikin unguwa ta san wannan: ita ce likitar layi. Wannan yaronta ya kwana da zazzaɓi, waccan a duba mata hawan jini, wata a yi mata allurar da aka rubuta mata. Ba a cewa a'a, don gobe su ne za su zo miki barka da gaisuwar mutuwa. Da azahar ta tashi ta fara aikin buɗa-baki: jiƙa wake, kai niƙa, kunu, ƙosai, tuwo da miya, har da na sahur, tunda ba ta nan za a ci shi.

A rana ta biyar ta kwanta bayan la'asar da niyyar minti goma. Kiran magariba ne ya tashe ta. Maigidan ya shigo da baƙi biyu, abokan cinikinsa, ba komai a gidan sai ruwan randa da dabino, sai kunun da yarinyar ta dama ya yi gudaji. Ya aika aka sayo ƙosai a bakin titi, ya sallami baƙinsa, ya shigo. Inna ce ta fara. Ba da faɗa ba, a hankali, kamar da bango take magana: "Mu dai da munka yi namu zamani, ba mu san maigida ya sha ruwa da ƙosan titi ba." Shi kuma ya ce, "Maman yara, wanga abu ya isa. Ki zaɓa, ko aikin ga ko gidan ga." Ta ce, "To, Alhaji." Ta sa kayanta ta tafi aiki, domin akwai masu naƙuda da ke jira. Da safe ba ta dawo Mabera ba. Ta aika aka kawo mata jinjira, ta wuce gidansu cikin gari.

Da ya zo biko, kawunta, wanda shi ne waliyyinta, bai bari aka yi irin sulhun da aka saba ba, na ki yi haƙuri, ka yi haƙuri, a shafa fatiha. Ya sa rana bayan salla. Aka zauna a zaurensa: shi, da goggonta, da yayan mijin, da wani malamin unguwa, da su biyun. Ni ina daga ciki wajen goggo.

Yayan mijin ya fara da cewa mace gida aka san ta, albarkar aure ta fi albashi. Goggo ta bar shi ya kai aya, sannan ta tambaye shi, da matarsa ta zo haihuwa bara, namiji ya so ya karɓe ta ko mace? Ya yi dariya bai amsa ba. Kawu bai bi wannan hanyar ba. Ya dubi mijin ya ce, "Alhaji, ba ni son a yi ta jayayya. Lissafi nika so. Hwaɗa min abin da albashin ɗiyata ka biya cikin gidanka." Ya fara ƙirgawa da kansa, makaranta, gas, magani, haya, muryarsa tana raguwa. Kawu ya ce, "In ta aje aikin gobe, wa ka ɗaukar wanga?" Shiru. Sai ya juya wajenta ya ce ita ma ta ƙirga abin da take yi daga asuba zuwa kwanciya. Da kunya ta fara, kanta a sunkuye, tana tsallake wasu, goggo tana tuna mata. Da ta zo kan ruwa, mijin ya katse ta da mamaki na gaske. Bai san ita ke tare masu ruwa ba, bai san ita ke biya ba. Shi dai kullum yakan tarar da buta a cike.

Malamin ya yi magana gajera. Ya ce ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibin miji ne, abin da mace ta samu nata ne, in ta taimaka kyautatawa ce. Ya ce malaman Malikiyya sun faɗi cewa miji mai hali yana samar wa matarsa mai taya ta hidima. Ya kawo abin da Nana A'isha ta faɗa, cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, idan lokacin salla ya yi ya fita. Ya kuma gaya wa matar cewa fita daga ɗakinta ba da izini ba kuskure ne, ta amsa ta ba da haƙuri.

Duk lokacin da aka tayar da zancen aikin mata a garin nan sai wani ya ambaci Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da ta kafa. Daidai ne, amma rabin labarin ake bayarwa. Jajojin da take naɗawa su jagoranci mata daga ƙauyuka zuwa wurinta dattijai ne da suka gama raino, masu yi musu rakiya kuma akasari tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana. Matan da ke tsakiyar goyo suna gida, karatun ake kai musu. Wato an yi tsarin ne da sanin cewa akwai gida, kuma dole wani ya riƙe shi. Mu mun ɗauki mai goyo mun ba ta aikin awa goma sha biyu cikin dare, gidan kuma mun bar mata shi yadda yake.

Abin da aka yanke ba shi da yawa. Ruwa ya koma wuyan maigida: ta ɗauki adashinta aka sayi tanki, shi kuma ya yi magana da mai ruwa ɗaya yana cikawa, yana biyan sa duk Juma'a. Kai yara makaranta ya koma kan mashin ɗinsa. Duk farkon wata za ta ɗauki hoton jadawalin aikinta ta tura masa ta WhatsApp, don kada ya gayyato baƙi a makon dare. Wannan ƙaramin abu ya kashe rigima fiye da yadda kowa ya zata.

Batun mai taimako ne ya ja lokaci. Matar yayan ta aiko da shawarar a ɗauko yarinya daga ƙauye, ga su nan birjik tunda rashin tsaro ya tarwatsa mutane, abinci kawai za a ba ta da ɗan abin da za a aika wa uwarta. Ungozomar ta ƙi. Ta ce ta sha ganin irin yaran nan a asibiti, ta san yadda ake kawo su. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, ko da yake ba dokar ce ta hana ta ba. Aka daidaita a kan wata bazawara dattijuwa a layinsu, tana zuwa kullum da safe, a makon dare kuma ta wuni, mijin yana biyan kashi biyu, matar kashi ɗaya. Inna ta ce baƙuwa ba za ta dafa wa ɗanta ba. Sai aka raba: wanki, wanke-wanke, gyaran hatsi da raino na dattijuwar, tukunyar miya ta matar gida. Ranar hutunta takan soya tattasai da albasa da yawa har ruwansu ya ƙone, ya kwana biyu bai lalace ba, ga kuka da busasshiyar kuɓewa a daka a ajiye, ko a gajiye take miya ba ta cin rabin awa.

Sharaɗin barci ne aka fi shan wuyar tsarewa: idan ta kwana a asibiti, daga dawowarta zuwa azahar ba mai tashin ta. Maƙwabta ba sa cikin yarjejeniyar. Wadda ta tsare shi a ƙarshe Inna ce. Takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa da carbinta, duk wadda ta yi sallama ta ce, "Tana kwana, ki dawo in an yi azahar." Tsohuwa tana iya faɗin abin da matar gida ba ta iyawa, ba kuma wanda zai ce ta yi wulaƙanci. Ina ganin ita ma ta samu abin yi ne. Mace ce da ta riƙe gida da gona da dabbobi shekara da shekaru, aka kawo ta birni aka ajiye a ɗaki, ba abin da ya rage mata sai lura da kuskuren suruka.

A wurin aiki ba abin da ya canja sosai. Shugabarsu ta saurare ta, ta ce ba ta da hannun da za ta cire kowa daga aikin dare. Ba ƙarya ta yi ba. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ya ce sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, kuma duk wadda ta tafi, darenta kan waɗanda suka rage yake faɗawa. Abin da aka yarda shi ne musanya tsakanin abokan aiki. Musanya kuwa bashi ce. Wata abokiyar aikinta Kirista ta karɓe mata wasu darare a azumin 2025, ita kuma ta biya da Kirsimeti da sabuwar shekara.

Kowa ya ɗauka an gama. Watanni bayan haka malamar Islamiyya ta aiko tana tambaya ko babbar yarinyar ba ta da lafiya, don gyangyaɗi take yi a aji, haddarta ta tsaya. Sakamakon boko ma ya sauka. Da aka bincika, ashe a zaman zauren an ƙirga aikin uwa, an ƙirga kuɗin uba, ba wanda ya ƙirga na yarinyar. Uban yana kai yara makaranta, amma wa ke tashin su, ya yi musu wanka, ya nemo takalmi da safa? Dattijuwar tana tafiya gida da magariba, to a makon dare wa ke tashi idan jinjira ta yi kuka, ya dama mata kunu, ya goya ta yana zagaya tsakar gida? Wa ke raka Inna bayi da fitila? Yarinya mai shekara 12, wadda ƙarfe bakwai da rabi za ta kasance a layin makaranta.

Uwar ta sani. Ta gaya min daga baya cewa takan dawo da safe ta ga idon yarinyar ta gane. Amma ɗiyar fari ce. Ko sunanta ba ta faɗa, "yarinyar nan" take cewa, balle ta tsaya gaban miji da uwar miji ta ce ɗiyata ta gaji. Alkunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, amma a gidan nan ita ta rufe bakin mutum ɗaya tilo da ke ganin abin da ke faruwa. Uban kuwa bai gani ba, saboda aikin da aka riga aka yi ba ya nuna wanda ya yi shi.

Nan ma Inna ce ta buɗe baki, don kaka ba ta kunyar jika. Da dare, yana cin tuwo, ta ce masa, "Kai, kishiyar nan tawa kun mai da ta jaka. Dut dare ita ka goyo. Ku ba ku gani?" Daga ranar, a makon dare jinjira tana kwana ɗakin Inna, uban kuma shi ke tashi ya haɗa mata abin sha. Ya yi gunaguni kwana biyu ya saba. Sai aka zo kan maza biyun, waɗanda har lokacin ba abin da suke yi sai aike da ƙwallo. Uwar ta so su riƙa wanke-wanke, Innar da ta tsaya wa jikarta ita ce ta ce ba a gabanta namiji zai durƙusa gaban kwanoni ba. Aka tsaya a kan shara, ɗebo ruwa daga tanki, da kowa ya wanke kayan makarantarsa. Ban ga dalilin da hannun da ya wanke riga zai kasa wanke kwano ba, amma ba gidana ba ne, kuma ko hakan ya rage wa yarinyar kusan awa guda kullum.

Har yanzu tsarin yana ɗingishi duk kakar albasa. Idan maigidan ya bi mota ya kwana biyu ko uku a hanya, kai yara yana komawa kan keke, da kuɗin uwar, tashin dare kuma yana komawa kan yarinyar, sai dai yanzu ana sane, kuma uwar tana neman musanya tun kafin lokacin. Kuɗin makaranta maigidan ya karɓi na maza biyun, na babbar yana wuyan uwar. Uwar tana son ta koma ƙaro karatu, ya ce ta bari jinjirar ta shiga makaranta, ta amince. Dattijuwar da ke taya su ta sanar cewa ɗanta zai ɗauke ta zuwa Birnin Kebbi bayan babbar salla, ba su kuma samu wata ba tukuna. Matar yayan ta sake tayar da zancen yarinyar ƙauye. Ungozomar ta sake cewa a'a, mijin ya ce a bari a ga yadda kasuwar albasa za ta kaya kafin a yi maganar ƙarin kuɗin da sabuwar mai taimako za ta nema.